Neman shawara: ina so in dasa itatuwan katako a gonar gado

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malamin firamare ne ni a Yawuri, saura shekara shida in yi ritaya. Muna da gonar gado eka biyar, ƙasar ta gaji, dawa ba ta yi kamar da. Makon jiya na je sayen katakon ƙyaure, da na ji kuɗin sai da na riƙe baki. Mai katakon ya ce mai kyau yanzu daga Kudu ake ɗauko shi, madobiya kuwa 'yan Sin sun kwashe. Tun ranar nake tunanin in mai da gonar ta itatuwa, yarana su samu abin dogaro. Wane iri zan dasa? Kuma harkar tana fitar da mai ita?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar madobiya gaskiya ce, a Sin ake yin kujeru da gadaje masu tsada da ita, sara ya yi yawa har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare namun daji da tsirrai, ta taƙaita cinikinsu tun 2017. Amma cire ranka daga kasuwar waje. Tana da jinkirin girma, fitar da ita kuma sai da takardu. Ka raba gonar. Eka biyu turare da malaina, tazarar mita uku tsakani. Turare shekara biyar zuwa shida ka fara saran sanduna, kututturen ya sake tohowa ba sai ka dasa wani ba. Madaci ka jera shi a kan iyaka, wannan na jikoki ne, sai ya haura shekara ashirin. Sauran ka ci gaba da noma, don itace ba zai ciyar da gida bana ba. Kada ka kai turare kusa da rijiya ko dawa, shan ruwa gare shi.

Kafinta daga Birnin Kebbi:
Malam, kasuwarka tana ƙofar gida. Magina kullum neman sandunan tokare dakin (rufin kankare) suke. Madaci kuwa in ya ƙosa, jan katakonsa ko a hannu ka ɗaga za ka ji nauyi, ba ma tsayawa dogon ciniki a kansa.

Wata 'yar uwa daga Argungu:
Yaya, mahaifinmu ya gwada. Damina ta farko abin gwanin sha'awa, rani na shigowa awaki suka cinye kan dashen, gara ta bi saiwar sauran. Ina tuna shi tsugune yana tuge su ɗaya bayan ɗaya, busassu ƙayau. Ka tanadi kuɗin shinge da ban ruwan ranin farko kafin ka sayi dashe ko guda, ka share gefen gona saboda gobarar kaka. Sannan tunda gado ce, ku zauna da sauran magada a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa. Ranar sara ake ganin masu gona.

Wani daga Gusau:
Gonar kusa da gari take? Mu nan wajen Dansadau da dajin Kuyambana mutane da yawa sun bar gonakinsu saboda rashin tsaro. Abin da za ka jira shekaru, sai inda ƙafarka ke zuwa kullum.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gonar a bakin titi take, da babur minti goma ne. Batun magada ne ya tsaya mini, mu bakwai ne, biyu mata suna aure a Kwantagora. Ranar Juma'a zan fara da babban yayanmu. Baba na gandun daji, a wane wata ya kamata in yi renon irin don ya isa dashe a Yuli?