Wai da gaske rediyon baba zai iya kamo Mushtari?

Malamin Fiziks, Argungu: Salam 'yan uwa. Ina koyar da 'yan SS2, jiya wata ɗaliba ta ƙure ni, wai ta ji duniyar Mushtari, wato Jufita, tana watsa sautin rediyo, to waye yake watsawa tunda ba kowa a can? Na ce mata sai Litinin. Ina da tsohon rediyon baba mai gajeren zango, wanda yake jin BBC da shi. Zai kamo? Ku fitar da ni kunya.

Injiniya, Birnin Kebbi: Malam yarinyar nan ta yi gaskiya, tun 1955 masana taurari Burke da Franklin suka kamo sautin a Amurka a kan zangon rediyo na megahaz 22. Abin da za ka gaya mata, Mushtari yana da wani wata mai kewaya shi, sunansa Io, da ke aman wuta ba hutawa, yana fitar da iska kusan tan 1 duk daƙiƙa, iskar nan sai ta ɗauki caji ta zama filasma, wato iska mai cajin lantarki, ta kewaye Mushtari kamar zobe, maganaɗisun Mushtari kuma mai ƙarfin gaske ne, sai ilaktiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, su bi layinsa suna juyawa kamar dunƙulen zare a mazari har kusa da ƙuryar arewa da kudu, wannan juyin ne ke kaɗa filasmar ta fitar da igiyar rediyo. Babu mai gabatarwa, babu kiɗan taushi.

Mai Gyaran Rediyo, Jega: Ranka ya daɗe duba ko akwai zangon mita 13 a jikin rediyon, in babu ka haƙura. Eriyar jikinsa ba za ta yi ba, ka ja waya wajen mita 7 tsakanin sanda biyu. Kuma ka nisanci janareta da inbata, don wallahi ƙararsu kaɗai za ka sha.

Anti Zee: Da dare fa Malam, lokacin da Mushtari ya fito sama, kuma ba kullum ba, galibi sai Io ya zo daidai wani wuri a zagayensa. Sautin kamar ruwa na dukan gaɓa a kogin Matan Fada, wani lokacin kamar ana gugguru. Duniyar Zuhalu, wato Saturn, kam kar ma ka gwada, nasa zangon ba ya ratsa saman iskarmu, kumbon Voyager ne ya jiyo shi a 1980.

Malamin Fiziks: Na duba, mita 13 tana nan! Saura waya, da roƙon maƙwabci ya kashe janaretarsa ƙarfe 12.