Zan ɗora wa GTI ɗina babbar turbo, wa ya taɓa yi?

Abba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Golf 5 GTI ce da ni, ƙirar 2007, giyar hannu. Turbo ɗin K03 da ta zo da ita ta fara busa, tana shan baƙin mai. Tunda dole a canza, ina so in ɗora K04 irin ta Audi S3. Wa ya taɓa yi? A kasuwar Ƙofar Ruwa zan duba ko in aika kasuwar Ladipo ta Legas?

Oga Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin mu je inda za ka saya, kulochinka na asali ne? Tun da aka shigo da motar an taɓa buɗe shi?

Abba: Ba a taɓa ba Oga. Lafiyarsa ƙalau.

Oga Sani: Lafiyarsa ƙalau a kan ƙarfin da aka yi shi dominsa. Injin nan daga kamfani doki 200 ne, ƙarfin murɗawa Nm 280. Ka sa K04 aka gyara kwamfutar motar, za ka haye doki 300, murɗawa kuwa ta wuce 400. Duk wannan ta kan faranti ɗaya zai bi kafin ya isa taya. Ga gwaji ka yi gobe a kan titin Zariya: sa giya ta shida, allura na wajen 2,000, ka take totur har ƙasa. In allura ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, ya riga ya fara sulɓewa. Ko bai sulɓe yau ba, da K04 ba zai kai ka ko'ina ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Injiniya Bashir: Gaskiya Oga ya faɗa. In ƙara da cewa ba yawan dokin ne ke cin kaya ba, murɗawar da ke zuwa lokaci guda tun injin bai ɗau juyi ba ita ce matsala. Ita ke ƙona kulochi, ita ke wahalar da fulawil ɗin nan mai gida biyu da sifirin a ciki, in ta yi yawa har sandar fistin tana lanƙwasawa. Don haka wanda zai taɓa maka kwamfuta ka ce ya sassauta ƙarfin a ƙasa, ya bar shi ya hau a hankali. Motar ba za ta fizge ka kamar yadda samari ke so ba, amma giyarka za ta daɗe.

Volkswagen da kansu sun sa K04 a Golf 5, wato Edition 30, sai suka tsaya a doki 230 da Nm 300, kuma sun ƙarfafa cikin injin. S3 ɗin da kake kwaɗayi doki 265 ce da Nm 350, amma tayoyi huɗu ke ja. Taka biyun gaba ne kawai, su ke ja su ke juya kan mota.

Abba: To Injiniya ka kashe min gwiwa ke nan.

Injiniya Bashir: A'a, lissafi nake so ka yi. Turbo kaɗai ba ta aiki. Sai nozul na S3, sai an ƙarfafa famfon mai na saman injin, sai babban intakula, wato mai sanyaya iskar turbo. Zafin Kano a watan Afrilu yana haye digiri 40, iskar da turbo ta matse kuma da zafinta take fitowa. Sannan ɗan ƙoƙon nan da ke tsakanin famfon da kamshaf, a wannan injin an san shi da cinyewa. A ciro a duba tun kafin a taɓa komai.

Alhaji Mudi: Ku yara ba ku yi maganar mai ba. Saitin da ake saukowa da shi daga intanet na fetur mai lamba 98 ne na Turai. Namu na gidan mai bai kai nan ba. Ka zuba masa wannan saitin, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, wata rana fistin ya tsage. Duk wanda ya ce zai yi maka da laftof a bakin titi cikin minti goma, ka gode masa ka wuce.

Nura: Allah ya ƙara girma Alhaji. Ni tawa DSG ce, wato giya mai canza kanta, ita ma haka?

Oga Sani: Wace DSG? Biyu ne. Mai giya shida, DQ250, kulochinta cikin mai yake, an yi ta don kusan Nm 350. Tana jurewa fiye da haka in an gyara kwamfutar giyar ta ƙara matse kulochi, kuma ana canza mata mai da filta duk kilomita 60,000. Mai giya bakwai, DQ200, busasshen kulochi ne, iyakarta 250.

Nura: Golf 6 ce, 1.4 TSI, giya bakwai.

Oga Sani: To bar ta yadda Allah ya yi ta.

Malam Yahuza: Abba, ni abin da nake gani a gareji ya fi yawa shi ne shaf. Yaro ya tsaya a danja, ya saki kulochi da ƙarfi, tayoyin gaba su yi ta tsalle suna dukan kwalta. Wannan dukan ne ke fasa kan shaf ya yaga robar da ke riƙe injin ta ƙasa. Canza robobin nan, ka sa taya mai kyau, birki ma a duba shi. Kuma in aka ce ka sa fulawil mai gida ɗaya, ka sani giya za ta riƙa kaɗawa in mota na tsaye. Ba lalacewa ba ce, amma wasu ba sa iya zama da ƙarar.

Abba: Kuɗin hannuna na turbo ne kawai gaskiya.

Oga Sani: To nemi K03 mai lafiya ka mayar, 'yar Kwatano ma ta isa in ka girgiza sandarta ka ji ba ta wasa. Ragowar kuɗin ka sa kulochi mai ƙarfi. In ka tara na nozul da intakula, sai mu koma maganar K04. Kawo ta Asabar da safe in ɗaga ta in ga shaf ɗin.

Abba: In sha Allahu Oga. Wajen ƙarfe tara zan shigo.