Wane suna za mu ba sitirayatum da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti a nan Jidda, kuma wata kalma ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Kawuna yana fama da cutar Fakinsin mai sa karkarwa da sandarewar jiki, wadda ake kira shalal ru'ashi a nan. Ya ce mini, "Ɗana, wai ina ciwon yake? Ƙafar nan lafiyarta ƙalau, amma in na ce ta tafi sai ta ƙi." Na ce masa, "Kawu, a jismul mukhaɗɗaɗ yake." Na ƙara da sitirayatum na Turawa. Ya zuba mini ido kawai. Ya daɗe a ƙasar nan, Larabci a bakinsa kamar ruwa, amma zancen ciwo da Hausa yake shiga masa.

Ga abin da muke nema wa suna. Saman ƙwaƙwalwa akwai shimfiɗa mai kunya-kunya kamar gona, kaurinta milimita 2 zuwa 4. Sunanta na Latin ɓawon itace yake nufi, Larabawa suka ce ƙishra, mu ma sai mu ce ɓawon ƙwaƙwalwa, babu gardama. Can ciki, dama da hagu, akwai wani curi, shi ne sitirayatum ɗin. Kusan kowane yanki na ɓawon yana aika masa saƙo: na taɓi, na gani, na motsi, duk da sinadarin gulutamet mai zaburarwa. Ƙwayoyin da ke karɓar saƙon rassansu cike suke da ƙayoyi, kuma a ɓera su ne kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar wurin. Daga nan hanya biyu ke fita, ɗaya tana sakar wa motsi linzami, ɗaya tana ja masa, sannan sakamakon ya bi ta talamus, wani zangon saƙo a can cikin ƙwaƙwalwa, ya koma ɓawo. Sinadarin dofamin kuwa daga wani baƙin wuri yake zuwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, shi ke ƙarfafa saƙon da ya haifar da alheri don a maimaita shi gobe.

Duk wanda ya yi sa'ayi ya san wannan aiki a jikinsa. Umrarka ta farko kana neman korayen fitilun nan tsakanin Safa da Marwa, kana tuna wa kanka cewa nan maza ke sassarfa. Bayan ka yi ta sau da yawa, ido na ganin kore ƙafa ta ɗauka, bakinka bai bar addu'a ba. Gani ya ɗauru da motsi har ya zama sabo, kuma curin nan yana da babban hannu a ɗaurin. A Fakinsin, ɓangaren curin na baya mai riƙe da irin wannan sabo shi ke fara rasa dofamin, shi ya sa tafiyar da Kawu bai taɓa yi wa tunani ba ita ce ta fara gagararsa.

Wani ɗan'uwa daga Gadarif ya ce a kira shi zaure, tunda nan baƙi ke sauka kafin a san wa zai shiga cikin gida. Yaya, wallahi kalmar ta burge ni, kuma da ita zan riƙa yi wa marasa lafiya bayani. Sai dai a matsayin suna ina da ja. Talamus ya fi shi kama da zaure, domin kusan duk abin da jiki ya ji ta nan yake bi kafin ya isa ɓawo. In muka ba wannan, me za mu ba wancan? Mahaɗa da wata 'yar'uwa ta kawo daga Madina ita ma haka, mahaɗu sun yi yawa a ƙwaƙwalwa.

Ni na tsaya a kan curi mai ratsi, a taƙaice mai-ratsi. In aka yanka wurin, ana ganin ratsin toka-toka yana keta farin zaren jijiya, kuma wannan siffar ce ta ba shi suna tun zamanin Tomas Wilis, likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1664. Mukhaɗɗaɗ ma ma'anarsa ke nan. Yaronmu da ke karatun likita a Khartum ko Riyad, in ya ji mai-ratsi zai gane shi a littafinsa ba tare da an yi masa tafinta ba. Hanyar da ta haɗa ɓawo da curin kuma sai mu ce saƙon ɓawo zuwa mai-ratsi.

Jiya na manna wa Kawu layukan salatif a tsakar ɗaki, taki ɗaya tsakaninsu, dabarar da muke yi wa masu sandarewar tafiya. Ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya har ƙofa, domin ido da niyya sun karɓi aikin da sabo ya saki. Da ya zauna ya ce, "To, mai-ratsin nan naka na gane shi."

Saura guda. Manyan sassan mai-ratsi biyu ne. Na farko mai-wutsiya ne a Latin da Larabci, wannan ya zauna. Na biyu, futamen, shi ma ɓawo yake nufi, ga shi mun riga mun ba da ɓawo. Ina tunanin ƙwanso. Malamai, me kuka gani?