Me za a kira abin da ake fara shafa wa bulo kafin fenti?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina fassara takardar koyar da yara aikin fenti, ranar Alhamis za a kai ta ɗab'i. Na maƙale a kan abin da masu sana'ar ke kira faraima, wanda ake fara shafa wa bangon bulo da ba a yi wa fulasta ba. A taimaka da kalma.

Oga Fenti: Wa alaikumus salam, Hajiya. A wurin aiki "hannun farko" muke cewa, amma kada ki rubuta haka kai tsaye. Hannun farko yana iya zama fentin ruwa da aka tsinka, ruwa kashi 1 fenti kashi 3, a ba bango ya sha. Faraima kuwa aiki biyu yake yi: ya toshe ƙananan kofofin bulo don kada su zuƙe fenti, ya kuma tare kaifin siminti. Wannan kaifin ne ke cin fentin mai, ka ga ya yi danƙo yana saɓulewa.

Ɗan Tsangaya: Asasi. Fentin asasi. An gama.

Malamin Nahawu: Ba a gama ba. Mu guji Turanci mu faɗa Larabci? Hausa na da ƙirar ma-...-i tana zaune. Abu ne mai gabatar fenti, saboda haka magabaci.

Birkila: Malam, ranka ya daɗe, ka ce wa yaro "je ka shafa wa bango magabaci", ai sai ya ɗauka kakanninsa kake nufi.

Oga Fenti: Kafin a yi nisa, Hajiya, ki duba ko takardar ta ce a bar sabon gini ya yi kwana 28. In ba ta faɗa ba ki ƙara. Gwajin laima kuma: a manna leda mai faɗin kamu biyu a bango, a liƙe gefenta da salatif, a bar ta ta kwana. In an ga raɓa a ciki da safe, ba a fenti. Farin gishirin da ke fitowa a fuskar bulo a kankare shi a bushe da burushin waya. Wanda ya wanke shi da ruwa ya mayar da shi ciki ne, zai sake fitowa ta ƙarƙashin fenti ya tayar da shi.

Malamin Nahawu: Magabaci dai. Kowace sabuwar kalma baƙuwa ce a ranar farko. Iyayenmu da suka yi ta shafe da makuba da laso ba su ari sunan kowa ba.

'Yar Damagaram: To Malam, fenti fa? Bulo fa? Siminti fa? Duk aro ne, kuma a bakinka suke zaune lafiya. Kuma ku mutanen Kano in kun ƙirƙiro abu sai ku ce shi ne Hausa. Mu a nan masu aikin sunan Faransanci suke kira, faraima ma ba kowa zai gane ba. Ni shimfiɗa na fi so, daga Agadas har Zariya ba wanda zai tambayi ma'anarta.

Malamin Nahawu: Daidaitacciyar Hausa ba laifin Kanawa ba ce, Hajiya. Shimfiɗa kuma a ƙasa ake yin ta, bango a tsaye yake.

'Yar Damagaram: Shimfiɗar littafi a ƙasa take?

Birkila: Ku yi haƙuri, akwai abu na uku da kuke haɗawa da shi. A bulo tsirara, musamman wanda aka buga da yashi mai tsakuwa, faraima mai ruwa-ruwa ba ya cike ramuka. Akwai mai kauri kamar kunu, da rola mai dogon gashi ake danna shi, a bi layin siminti da burushi, a bar shi ya kwana. Idan an tsallake wannan, ko hannu uku aka yi za a riƙa hango ɗigo-ɗigon rami, kuma bokitin lita 20 zai ƙare tun ba a je ko'ina ba. Wannan ai ciko ne, ba shimfiɗa ba.

Mai Fassara: Wato kalma biyu nake nema ke nan. Tun da an taru, akwai sashen ajiye burushi, an ce a "naɗe" shi. Naɗi kawai?

Oga Fenti: Ki raba shi biyu. In gobe za a ci gaba, ba sai an wanke ba: a ƙunshe kan burushin a leda, a matse iska, a ɗaure. In aiki ya ƙare, na fentin ruwa a wanke da ruwa da sabulu har gindin gashin, nan ne fenti ke ɓuya ya sandare ya baje bakin. Na fentin mai a fara da tina, wato ruwan tsinka fentin mai, ko kananzir, sannan sabulu. A karkaɗe, a taje, a naɗe da takarda, a rataye ta hujin mariƙin. Kada a tsayar da shi a kan gashinsa cikin gwangwanin ruwa: bakin zai lanƙwashe, ƙarfen ya yi tsatsa, katakon ya kumbura gashi ya fara zuba a bango.

Mai Fassara: Na gode. Na sa ƙunshewa ga na kwana ɗaya, naɗewa ga na ajiya. Mai kauri na sa ciko. Ɗayan zan rubuta "shimfiɗar fenti, wato faraima" a karon farko, don yaro ya san abin da zai tambaya a shago.

Oga Fenti: Ba laifi. Mu dai hannun farko za mu ci gaba da cewa.

Malamin Nahawu: Ciko na yarda da shi. Shimfiɗar nan kuwa, a sa magabaci ko a ƙasan shafi ne.

Mai Fassara: Malam, shafin ya cika.