Me ya sa labarin matsala ke makara kafin ya kai ga shugaba?

Mai buɗe zancen, shugaban sashen rarraba kaya:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa jagorantar ma'aikata su ba mu labarin abin da suka gani da idonsu a kan al'amari guda. Rahoton mako-mako da ke zuwa teburina kullum cewa yake komai lafiya lau, sai abokin ciniki ya kira rai a ɓace sannan in gano kayansa sun maƙale tun makon jiya, alhali direba ya sani, mai kula da sito ya sani, har wanda ya rubuta rahoton ma ya sani. Ba ƙarya suke shirya mini ba, kowa dai yana jiran wani ya fara buɗe baki. Yaya kuka yi da irin wannan?

Mai kula da ma'aikata a wata masana'anta:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aiki a ƙarƙashin wani manaja wanda tambayarsa ta farko idan inji ya tsaya ita ce, "Waye ya yi?" Na ga wani matashi ya ji inji yana wata ƙara da ba a saba ji ba, ya ɗan dakata, ya dubi ƙofar ofishin manajan, sannan ya ci gaba da aikinsa kamar bai ji ba, domin ya san wanda ya kai labari shi za a fara tuhuma. Injin ya ƙone a hannun masu aikin dare. Manajan da ya gaje shi ya zo da tsarin da ya koyo daga Toyota, inda kowane ma'aikaci ke da ikon jan igiyar da ke kusa da shi idan ya ga aibi, shugaban rukuni ya taho da sauri ya taimaka, in gyaran bai yiwu nan take ba a tsayar da layin. Abin da ya fi gamsar da ni game da wannan tsari shi ne labarin masana'antar motoci ta Fremont a Kalifoniya, wadda General Motors ya rufe a 1982, aka sake buɗe ta a 1984 da haɗin gwiwar Toyota, aka mayar da yawancin tsofaffin ma'aikatan da a da ake kuka da su, kuma ingancin motocin ya ɗaga ƙwarai cikin ɗan lokaci. A wurinmu ba igiya muka sa ba, allo ne a bakin ƙofa, amma ya yi amfani saboda manajan yakan tsaya a gabansa kowace safiya ya tambayi abin da ake buƙata don a yi gyara.

Akanta a wani kamfanin sayar da kayayyaki:
Ni ta fuskar lissafi na ga abin. Idan aka ɗaure alawus da ƙarin girma a kan adadi guda, kuma aka sa adadin inda hannu ba ya kaiwa, ma'aikata za su koyi gyara adadin maimakon gyara aikin. Na sha ganin an shigar da cinikin wata mai zuwa cikin na wannan wata don kawai a cika abin da aka yanka wa mutum. Bankin Wells Fargo na Amurka ya biya tarar dala miliyan 185 a 2016, bayan an gano ma'aikatansa suna buɗe asusu da sunan mutane ba tare da saninsu ba don cika adadin da aka ɗora musu, kuma an sallami ma'aikata kusan 5,300. Saboda haka, Malam, ka duba me ake ba mutum lada a kai a sashenka.

Mai kamfanin gine-gine:
Hajiya akanta ta faɗi gaskiya, amma ina da ja kaɗan. Da na buɗe ƙofa ga kowa, sai ofishina ya zama wurin kawo ƙorafi da tsegumi, har na kafa doka cewa duk mai kawo matsala ya zo da maganinta.

Jami'ar gudanarwa a wani asibiti:
Alhaji, wannan dokar taka ita ce na fi jin tsoro, domin matsalar da ta fi haɗari ita ce wadda ƙaramin ma'aikaci bai san maganinta ba, kuma dokar ta ce masa ya yi shiru har sai ya samo shi. Tsegumi daban, rahoton aibi daban, kuma ana raba su ta hanyar tambayar me ya faru, a ina, yaushe, ba tare da an shiga zancen halin wani ba. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar cewa rukunonin da suka fi kyakkyawan jagoranci su ne suka fi yawan kurakuran magani a rubuce, kuma bayanin da ta kai gare shi shi ne cewa ba sa tsoron faɗa. Na ga haka a wurinmu: da aka daina karanta sunan mai kuskure a taro, rahotanni suka yi yawa har wasu manya suka firgita, alhali a lokacin ne muka fara sanin inda ake samun rikicewar magunguna masu kama da juna a kwalba.

Mai ba kamfanoni shawara:
Ina goyon bayanta. Lokacin da Alan Mulally ya bar Boeing ya karɓi shugabancin Ford a 2006, ya kafa taron kowace Alhamis inda shugabannin sassa ke nuna ayyukansu da launi: kore idan komai lafiya, rawaya idan akwai damuwa, ja idan akwai babbar matsala. Kamfanin yana tafka asarar biliyoyin daloli, amma allunan duk kore ne, har ranar da Mark Fields, ɗaya daga cikin shugabannin, ya nuna ja a kan wata sabuwar mota da ta samu tangarɗa. Mulally ya tafa masa, ya tambayi wanda zai iya taimakawa, kuma a makonnin da suka biyo baya sauran suka fara nuna launin gaskiya. A kamfanonin da na yi wa aiki, kowa yana zuba ido ne ya ga abin da zai samu mutum na farko da ya kawo mummunan labari.

Mai buɗe zancen:
Na gode ƙwarai. Zan ƙara wa rahoton gurbin kayan da suka makara, in kuma fara taron mako da shi. Hajiya akanta, alawus ɗin direbobinmu a kan yawan zuwa da dawowa yake, don haka ina son jin yadda za a sauya shi ba tare da an rage wa kowa abin da yake samu ba.