Haidirojin giram 10, oksijin giram 40: ina giram 5 ya shiga?

Hadiza_Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a lise, jarrabawar kammala sakandare, wato bak, ta matso. Malaminmu ya ba mu aiki: an ƙona haidirojin giram 10 da oksijin giram 40, ruwa nawa za a samu? Ya ce amsar 45 ce, sai lokaci ya ƙare ya fita. To, ba shi ne ya koya mana cewa nauyi ba ya ɓacewa ba? 10 da 40 ai 50 ne.

Malam_Issoufou:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Babu abin da ya ɓace. Fara da 2H₂ + O₂ → 2H₂O. H, wato haidirojin, nauyinsa 1, O, wato oksijin, kuma 16, don haka giram 4 na haidirojin ke cin giram 32 na oksijin su ba da ruwa giram 36. Wato 1 ga 8, ba ya canzawa. Oksijinki 40 ne, raba da 8: haidirojin giram 5 kawai zai ci. Ruwa 45 ke nan, sauran 5 ɗin yana nan iskarsa, bai sami abokin haɗi ba. Kamar mai ƙera amalanke ne, kowace tana son taya biyu. In gangar jiki ta ƙare, tarin tayoyi ba ya ƙara masa ko ɗaya.

A takardar bak kuwa ki bi ta mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari (mol ɗaya na O₂ giram 32 ne, na ruwa giram 18), nan maki yake: 40 ÷ 32 = mol 1,25 na O₂, ya ba da mol 2,5 na ruwa, sau 18, giram 45.

Sani_Zango:
Malam, tunda haka ne a haɗa mana ruwan mana, mu huta da jiran pampo da tsadar 'yan garuwa!

Malam_Issoufou:
Sani, lissafa ka gani. Lita ɗaya ta ruwa mol 55,6 ce. A kan lita 22,4 kowane mol na iska, kana buƙatar haidirojin sama da lita 1200, oksijin rabin haka. Kuma su biyun in suka haɗu da tartsatsi, fashewa suke yi.

Abdou_UAS:
Ƙanwata, kar ki yarda da ido. Mai ƙaramin giram ba lallai shi ke fara ƙarewa ba. Nan haidirojin mai giram 10 ne ya yi saura, oksijin mai giram 40 ya ƙare. Lavoisier kansa, masanin kimiyyar nan na Faransa da ya haɗa ruwa a Paris a 1783, daga baya ya ƙiyasta cewa a nauyin ruwa oksijin kashi 85 ne cikin ɗari, haidirojin 15, alhali kusan 89 da 11 ne.

Hadiza_Birni:
Na gode, Malam. In oksijin ya zama giram 100 fa? Na samu ruwa 90, saura oksijin 20. Haka ne?