Yaya zan shawo kan sababbin ɗalibai su karɓi Linux?

Malamin Kwamfuta, Agege:
Assalamu alaikum. Ina koya wa matasa kwamfuta, kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 nake son mayar da tsofaffin kwamfutocinmu kan Linux, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tunda kyauta ne, amma ɗaliban suna ɗari-ɗari da shi. Ina neman shawararku.

Mai Gyara, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da dogon bayani. Ka sa Linux Mint, wani nau'in Linux, a filash, ka tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ka goge komai ba, sannan ka tashi ka ba ɗalibi kujerar. Da zarar ya ga jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, inda ya saba dannawa, hankalinsa zai kwanta.

Malama, Idi-Araba:
Haka ne, amma don Allah a gaya musu gaskiya tun farko. LibreOffice, manhajar rubutu da aikin ofis da ke zuwa da Linux Mint, yana buɗe takardun Word, sai dai wani lokaci tsarin shafi yakan goce, kuma babu CorelDRAW (manhajar zane) na Linux, wanda duk yaron da ke neman aikin ɗab'i a unguwar Shomolu ta Legas zai buƙata.

Malamin Kwamfuta, Agege:
Na gode ƙwarai. Zan fara da kwamfutoci 2 ranar Asabar, in sha Allahu.